Wa'azi a Kan Tattalin Cefane da Hukuncin Takardun Ragi

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah mai ciyar da bayinsa, wanda ya saukar da ruwa, ya fitar da gero da dawa daga cikin ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai, ya ku almajirai, ya ku masu gidaje, shugabannin jam'iyyarmu sun umurce ni in yi magana yau a kan cefane, watau yadda mai gida zai ciyar da iyalinsa da abin da ke hannunsa ba tare da ya faɗa bashi ba, da kuma hukuncin ragin nan da takardun ragi da 'yan kasuwa suke rabawa a wannan zamani. Na san waɗansu za su ce wannan magana ta mata ce da 'yan kasuwa, ina ruwan malami da farashin daddawa? To ku sani, nafaƙa babi ce a cikin fiƙihu kamar yadda alwala take babi, ciniki ma babi ne. Duk malamin da ke zama a zaure ana kawo masa sulhun aure ya san yawancin rigimar miji da mata daga kuɗin cefane take tashi, kuma na ga auren da ya mutu, da 'ya'ya a tsakani, asalinsa kwanon shinkafa ne. Abin da ke kashe aure kuwa bai kamata malamai su raina shi ba.

Fasali na farko, a kan halin da aka shiga.

Kowa a cikinmu ya tuna ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da aka yi shelar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kuɗin mota ya tashi, kuɗin dakon hatsi daga ƙauye zuwa birni ya bi shi, sa'an nan darajar naira ta faɗi. A tsakiyar shekarar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 bisa ga ta shekarar da ta gabata. Watau abin da mutum ya saya naira 1,000, bayan shekara guda sai da 1,400, alhali albashinsa yana nan inda yake, malami kuwa sadakar da ake kawo masa raguwa ma ta yi. A watan Agusta na wannan shekarar ta 2024 mutane suka fita zanga-zangar yunwa, aka yi asarar rayuka da dukiya. A shekarar 2025 farashin hatsi ya sauko, har manoma suka koka. Darasin da ke cikin wannan shi ne farashi a hannun Allah yake, yana ɗaga shi yana sauke shi, amma tattali an bar mana shi a hannunmu, kuma a kansa za a tambaye mu.

Fasali na biyu, a kan bambancin tattali da rowa.

Kada wani ya tashi daga nan ya je gida ya ƙuntata wa iyalinsa ya ce malam ne ya ce. A cikin Suratul Furƙani Allah ya yabi bayinsa na gari da tsakaitawa wajen ciyarwa, a Suratul Isra'i kuma ya hana ƙanƙame hannu kamar yadda ya hana sakinsa gaba ɗaya. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ce nafaƙar mata wajibi ce a kan miji, ana auna ta da halinsa, da halinta, da al'adar gari, da farashin kasuwa. Kun san labarin Hindu 'yar Utba, da ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyana wurin Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, a kan ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, aka yi mata izini ta ɗauki gwargwadon buƙata bisa al'ada. Saboda haka wanda ya rage tuwon yara domin ya sayi babbar riga, wannan azzalumi ne. Mai tattali shi ne wanda yaransa suka ƙoshi da naira 3,000 a ranar da maƙwabcinsa ya kashe 5,000 a kan irin abincin nan, domin shi ya san lokacin saye da wurin saye.

Fasali na uku, a kan sanin awon gida.

Farkon tattali mutum ya san abin da gidansa yake ci. Ku tambayi masu gida goma kwano nawa na hatsi gidansu ke ci a mako, da ƙyar uku su ba ku amsa. Wanda bai san wannan ba, ko an kai shi kasuwar da ta fi kowace araha, da ka zai yi saye. Wadda ta san awon kuwa ita ce uwargida, domin ita ke kan murhu. To mai gida ya zauna da ita, ba da faɗa ba, su ƙidaya: hatsi kwano kaza a mako, wake kaza, mai kwalba kaza, gishiri, daddawa, kuka, sabulu, gawayi. Ya rubuta a takarda, ko da ajami ne, ai mun iya rubutu. In zai tafi kasuwa ya tafi da takardar, abin da ba ya cikinta kada ya kai masa hannu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kasuwa kuwa an shirya ta ne domin ta buɗe kwaɗayi.

Sa'an nan ku lura da sayen ƙwaya-ƙwaya. Gidan da ake aiken yaro kanti sau biyar a yini, sukari na ɗari, mai na ɗari biyu, wannan gida shi ya fi kowa sayen abu da tsada, domin kowane ƙulli akwai ribar mai ƙullawa a cikinsa, ga canjin da ke ɓacewa a hannun yara. Mafi muni shi ne littafin bashin mai kanti. Mai bin ka bashi ba ka iya taya masa, abin da ya faɗa shi za a rubuta, wata yana ƙarewa albashi ya wuce kanti bai shiga gida ba.

Fasali na huɗu, a kan lokacin saye da wurin saye.

Ragi mafi girma a ƙasar nan Allah ne yake yin sa kowace shekara, sunansa kaka. In an yi girbi gero da dawa da masara da wake suna cika kasuwa, farashi ya kwanta. In damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, sai ya miƙe. Ga misali domin lissafi. A ce buhu yana cin kwano 40, ka saye shi da kaka naira 40,000, kwano ya faɗo maka a 1,000. Wanda ya jira damina yana awo a bakin layi kwano 1,500, kafin ya cika kwano 40 ya biya 60,000. Naira 20,000 ke nan a buhu ɗaya, gidan da ke cin buhu biyar a shekara ya tsira da 100,000, babu takardar ragin da za ta ba shi wannan.

Haka kayan miya. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha da rani, lokacin da na noman rani ke fitowa daga Kadawa da Kura, suna tsada da damina. Iyayenmu mata ba su jahilci wannan ba, shi ya sa suke yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa, su busar da kuɓewa, su daka kuka su ajiye. A shekarar 2016, da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, gidan da ke da kauɗa bai fasa miya ba. Haka sukari da gero da mai, kowa ya san suna tashi in azumi ya gabato, to mai hankali tun Rajab yake sayen nasa.

Wuri ma yana da hukuncinsa. Mutumin Kano ya san hatsi a Dawanau yake, kayan gwari a 'Yankaba, kayan marmari a 'Yan Lemo, kayan masarufi na kwali a Singa. Kowane gari yana da irin nasa, kowane ƙauye yana da ranar kasuwarsa. Amma a sa kuɗin mota cikin lissafi, kada mutum ya kashe naira 2,000 a hanya domin ya tsira da 1,500.

Wani zai ce, malam, ni ba ni da kuɗin buhu, abin da na samu yau shi nake ci yau. Gaskiya ne, kuma mafi yawanmu haka muke. Maganin wannan kakanninmu sun bar mana shi. Ba kun ga watanda ba, yadda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa su raba nama kashi-kashi? To a yi watandar hatsi. Maƙwabta huɗu kowa ya kawo kuɗin kwano 10, amintacce ɗaya ya tafi kasuwa, a dawo a auna a gaban kowa da mudu ɗaya. Haka jarkar mai, haka buhun sukari, haka kwandon tumatir. Malaman tsangaya da ke da almajirai da yawa su ne suka fi kowa buƙatar wannan, kuma ina roƙon jam'iyya ta ɗauki nauyin shirya shi a kowace unguwa da muke da masallaci.

Fasali na biyar, a kan ajiya da abin da ya halatta a cikinta.

Ya tabbata Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Kun kuma karanta a Suratu Yusufa yadda Annabi Yusufu ya yi shawarar a bar hatsi a cikin zangarniyarsa a shekarun wadata domin shekarun fari, abin da manomanmu ke yi har yau in sun sa damin gero a rumbu. Saboda haka ajiyar abincin gida ba ta saɓa wa tawakkali ba. Amma malamai sun yi sharaɗi: in abinci ya yi ƙaranci a gari, kada mai kuɗi ya kwashe na shekara daga kasuwa ya ƙuntata wa jama'a, sai ya sayi na kwanaki ko na wata. Wanda kuwa ya saye ya kulle domin ya yi tsada ya sayar wa mayunwata, wannan shi ne ihtikari, haramun ne. A watan Fabrairu na 2024 hukuma ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, kowa ya ji labari.

Tanbihi a kan wake. Kada son araha ya sa mutum ya saya da yawa sa'an nan ya zuba masa maganin ƙwari irin wanda ake fesa wa gona ko ɗaki, wannan guba ce a cikin tukunyar 'ya'yansa. Saboda irin wannan magani ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Najeriya a shekarar 2015. Akwai buhu mai leda biyu a ciki, in wake ya bushe sarai aka zuba aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa. Jarka mai murfi ma tana yin wannan aiki in an cika ta. Hatsin da ƙwaro ya ci rabinsa kuwa, ko da rabin kuɗi ka saye shi ba ka ci riba ba.

Fasali na shida, a kan ragin kantuna da takardunsu.

Yanzu manyan kantuna da 'yan kasuwar intanet sun zo da wani salo. Su rubuta an rage kashi kaza, ko sayi biyu a ba ka ɗaya, ko su ba ka takarda, ko su aiko maka lamba a waya, in ka nuna a rage maka. Asalin wannan daga Amurka yake. Masu tarihin ciniki sun ce kamfanin Coca-Cola ne ya fara raba irin wannan takarda a shekarar 1887, wanda ya kawo ta a ba shi kofi guda kyauta. Ku duba da kyau, ba don tausayin masu ƙishirwa aka yi ba, an yi ne domin baki ya saba, gobe ya dawo da kuɗinsa. Wanda ya gane wannan zai ci amfanin takardar, ita ba za ta ci shi ba.

Hukuncinta kashi uku ne. Na ɗaya, ragin da mai kaya ya yi da kansa, da takardar da aka ba ka kyauta, wannan halal ne, domin mai kaya yana da ikon ya sayar da kayansa yadda ya yarda, tamkar gyaran da mai awo ke ƙara maka bayan mudu ya cika. Na biyu, katin ragin da sai ka biya kuɗi kafin a ba ka, ko kana biya duk shekara. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kansa a shekarar 1427 ta Hijira, daidai da 2006, ta ce bai halatta ba saboda garari, domin ka ba da kuɗi sananne a kan amfanin da ba ka san ko za ka same shi ba, ta kuma ce wanda aka bayar kyauta ya halatta. Na uku, sayen abu domin shiga ƙuri'a, a ce duba ƙarƙashin murfi ko ka ci mota. In mutum ba ya buƙatar abin, ƙuri'ar ce ta sa ya saya, ko an ƙara kuɗin kayan saboda ita, to ya shiga caca, sunan kawai aka sake mata.

Ko a cikin na halal ɗin akwai tarko, ga misalinsa. Takarda ta ce in ka yi sayayyar naira 50,000 za a rage maka kashi 10 cikin 100. Kai kuwa buƙatarka ta 30,000 ce. Sai ka ƙaro kayan 20,000 da ba ka zo dominsu ba, aka rage maka 5,000, ka biya 45,000, ka fito kana murna. Ka ƙidaya da kyau, naira 15,000 ce ta fita daga aljihunka bisa ga abin da ka yi niyya. Ƙa'ida ita ce, ragi a kan abin da ke cikin takardarka riba ne, ragi a kan abin da ba ya cikinta asara ce.

Sa'an nan ku riƙe abu uku. Ku san farashin abu tun kafin ranar ragi, domin akwai mai ɗaga farashi wannan mako ya sauke shi mako mai zuwa ya kira shi ragi, wannan algus ne. Ku duba ranar lalacewa da aka buga a jikin gwangwani ko leda, domin sau da yawa abin da ya kusa lalacewa ake karyar wa farashi. In gida zai cinye shi kafin ranar, madalla, in ba haka ba araha ba ta ado. Ku kuma auna da nauyi, kada girman kwali ya ruɗe ku. Gwangwanin madara mai giram 400 a naira 4,000, kowane giram 100 ya kama 1,000. Ƙunshi mai giram 20 a naira 250, giram 100 nasa ya kama 1,250. Wani lokaci kuwa ƙaramin ne ke fin araha, lissafi ne kaɗai zai nuna. Ya ku almajirai, wanda ya iya raba gado tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye ba zai kasa wannan ba, ku taimaki iyayenku da shi.

Fasali na bakwai, a kan haƙƙin mai sayarwa.

Tayi halal ne, amma yana da ladabi. Na ga mutum ya shiga babban kanti mai sanyi ya biya abin da aka rubuta bai ce uffan ba, ya fito ya tsaya kan tsohuwa mai daddawa yana ja da ita a kan naira 50 har ta sallama don dole. Wannan ba tattali ba ne, rashin tausayi ne. Haka tare manomi a hanya kafin ya iso kasuwa ya san farashi, Annabi ya hana. Haka ba shi bashin buhu ɗaya da damina a kan ya biya biyu da kaka, riba ce tsantsa. Haka kushe kaya da ƙarya domin a karya musu daraja. In mai kaya ya ce albarka, ka ƙara ko ka wuce da alheri.

Ku kuma 'yan kasuwa da ke cikinmu, ku ji tsoron Allah a kan mudu. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo. Mudun da aka buga gindinsa, da hatsin da aka yayyafa wa ruwa ko aka gauraya da tsakuwa, da kwandon da aka jera manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, duka Annabi ya barranta daga mai yin su, tun ranar da ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa. Mai saye ya duba mudu kafin a fara awo, wannan haƙƙinsa ne, ba rashin kunya ba ne.

Daga ƙarshe ina yi mana wasiyya da abin da ya shigo gida. Tuwon da ya kwana a ɗumama shi da safe, ƙanzo a jiƙa shi, abin da ya rage a miƙa wa maƙwabci ko almajiri tun bai lalace ba. Babu amfanin mutum ya yini yana tayi a kasuwa, sa'an nan a zubar da rabin tukunya a kwata. Abin da Allah ya sa ka tsira da shi ta hanyar tattali kuwa, ka fitar da wani abu daga ciki domin gidan da ba a hura wuta ba, ka san su a unguwarku.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma shiga da ita cikin gida mata su ji, domin rabin aikin a hannunsu yake. Allah shi sa albarka a cikin mudunmu, shi ba mu damina mai albarka, shi sauƙaƙe wa talakawa, shi tsare mu daga bashi da haram. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah shi ne mafi sani.

Haza wasalam.